ZARE: Rahoton sauyin yanayi ma cinikinsa ake yi, to wa ke tayawa a madadin Kaduna?

1/ Jama'a, duk sanda kuka ji a labarai an ce "masanan Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce kaza game da sauyin yanayi", ku sani takardar da ake karanto muku ba masana kaɗai suka sa mata hannu ba. Sai da wakilan gwamnatoci suka zauna suka yi cinikinta jimla bayan jimla. Zaren da tsawo, a gyara zama. 🧵

2/ Kafin wani ya yi tsalle ya ce "ai dama na faɗa, ƙaryar Turawa ce", dakata malam. Akasin haka zan nuna maka. A wannan cinikin rage gishiri ake yi. Abin da ke isowa kunnenmu shi ne ɗan abin da ya tsira bayan masu mai da masu kuɗi sun gama yankar rabonsu.

3/ Abin da ya fi damuna kuma: Najeriya na da kujera a ɗakin. Wanda ke zama a kanta, da yawun wa yake magana? Da yawun gangar ɗanyen mai, ko da yawun mutumin Kigo Road da Rafin Guza da Kabala, wanda ke kwana ido biyu duk Agusta da Satumba yana sauraron kogin Kaduna?

4/ Mu fara daga tushe. Kwamitin sunansa IPCC. An kafa shi a 1988, hukumar yanayi ta duniya WMO da hukumar muhalli UNEP ne suka haɗu suka kafa shi. Ƙasashe 195 ne mambobi, har da Najeriya da Nijar. Ba ya yin bincike da kansa. Masana yake tarawa ɗaruruwa, su karanta dubban binciken da aka riga aka wallafa, su tace.

5/ Masanan nan IPCC ba ta biyansu albashi, aikin sa kai ne. Kuma akwai namu a ciki. Farfesa Ibidun Adelekan ta Jami'ar Ibadan na cikin mutum uku da suka jagoranci babin Afirka a rahoton 2022. Youba Sokona ɗan Mali ya yi mataimakin shugaban kwamitin daga 2015 zuwa 2023. Don haka batun "Turawa zalla" a ajiye shi gefe.

6/ Matsalar ita ce rahoton shafi dubbai ne. Wane minista ne zai zauna ya karanta? Shi ya sa ake yin taƙaitawa ta shafi 'yan gomomi don masu tsara manufofi. Ita 'yan jarida ke ɗauka, ita ake bugun tebur da ita a taron COP, ita bankuna da kotuna ke kafa hujja da ita. Wanda ya riƙe taƙaitawar ya riƙe zancen.

7/ To a nan gizo ke saƙar. Ana haska daftarin a allo, a bi shi jimla ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a wucewa sai kowace ƙasa ta yarda. 'Yan jarida ba sa shiga. Ƙa'ida ta hana gwamnatoci cusa abin da babu shi a babban rahoto, masana na iya cewa a'a. Amma gogewa fa? Sassautawa? Jan lokaci har kowa ya gaji? Duk ƙofarsu a buɗe take.

8/ Kamar likita ne ya rubuta sakamakon gwajinka, amma kafin a miƙa maka sai an zauna da mai shagon da ya sayar maka da gurɓataccen abincin, a tambaye shi ko ya gamsu da kowace kalma. Ba zai iya sa a rubuta cewa lafiyarka ƙalau ba. Amma zai iya sa a cire sunan shagonsa.

9/ Ga misalai, da wuri da shekara, kowa ya je ya duba.

Madrid, Nuwamba 1995. Da yawanmu a nan ko haihuwarmu ba a yi ba. Masana suka zo da sakamakon cewa an fara gano hannun ɗan Adam a ɗumamar duniya. Wakilan Saudiyya da Kuwait suka tsaya kai da fata. Aka shafe sa'o'i ana jayayya a kan siffa ɗaya tak da za a ba wannan tasirin.

10/ Daga ƙarshe shugaban kwamitin, Bert Bolin ɗan Suwidin, ya kawo kalma mai laushi, ma'anarta tasirin "ana iya gane shi". Aka amince. Masanin da ya jagoranci babin, Ben Santer, bai sha ba. Ƙungiyar Global Climate Coalition, ta kamfanonin mai da kwal da motoci a Amurka, ta bi shi da zargin wai ya murɗe rahoto.

11/ Wani lokacin ma mai riƙe da alƙalamin ake canzawa. A Fabrairu 2001 wani jami'in ExxonMobil ya aika wa fadar shugaban Amurka George W. Bush takarda yana tambaya ko za a iya sauya shugaban IPCC na lokacin, Robert Watson. A zaɓen Afrilu 2002 Amurka ta janye masa goyon baya, ya faɗi. Kamfanin mai ne fa ke zaɓar wa duniya alƙali.

12/ Balin ta Jamus, Afrilu 2014. Masana sun zana jadawalin da ke raba ƙasashe gwargwadon arzikinsu, ya nuna inda hayaƙin ke ƙaruwa da sauri: ƙasashe masu tasowa da suka fara ƙoshi. Chaina, Indiya, Birazil da Saudiyya na cikin waɗanda abin bai yi wa daɗi ba. Aka goge jadawalin daga taƙaitawar. Yana nan a babban rahoto, inda ba kowa ke leƙawa ba.

13/ A wannan taron dai, Farfesa Robert Stavins na Jami'ar Harvard, wanda ya jagoranci babin haɗin kan ƙasashe, ya rubuta wasiƙar ƙorafi a fili. Ya ce an share kusan kashi uku cikin huɗu na sashensa a taƙaitawar, domin duk jimlar da wata ƙasa ta ga za ta rage mata ƙarfi a teburin sulhu sai ta ce ba ta yarda ba.

14/ Ku lura da wannan, 'yan uwa masu son raba duniya gida biyu, "Yamma" da "mu". A Balin waɗanda suka goge jadawalin su ne masu kiran kansu 'yan uwanmu na Kudu. Idan aka zo kan aljihu, Chaina Chaina take karewa. Ba Malali take karewa ba, ba Unguwan Dosa ba.

15/ Oktoba 2018, aka fitar da rahoto na musamman kan digiri 1.5 a birnin Incheon na Koriya ta Kudu. Gwamnatocin da kansu suka nemi a yi shi tun a Faris a 2015. Ya ce in ana son tsayawa a 1.5, sai an rage hayaƙin kabon da kusan kashi 45 cikin ɗari kafin 2030, in aka kwatanta da 2010.

16/ Wata biyu bayan nan, a taron COP24 a Katowice ta Folan, aka ce a rubuta cewa taro ya yi "maraba" da rahoton. Amurka, Rasha, Saudiyya da Kuwait suka ce a'a, sai dai a ce taro ya "lura" da shi. Kamar ka aiki yaro kasuwa, ya dawo da saƙon, ka ce "na gani" ka juya baya.

17/ Na san akwai waɗanda da an ambaci Saudiyya sai su ɗauka an taɓa addini. Haba. Harami daban, ma'aikatar man fetur daban. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya da kansu suka ce alhazai fiye da 1,300 sun rasu. Mai ƙaunar alhazai shi ya fi kowa cancantar yin wannan maganar.

18/ Oktoba 2021, ana gab da taron Glasgow, 'yan jaridar binciken Greenpeace da BBC suka bankaɗo sharhi fiye da 32,000 da gwamnatoci da kamfanoni da masana suka aika kan daftarin rahoton. A nan ne aka ga kowa da irin kayan da ya ɗauko zuwa kasuwa.

19/ Wani mai ba ma'aikatar man Saudiyya shawara ya nemi a cire kalaman da ke cewa a gaggauta rage hayaƙi. Wani jami'in Ostireliya ya ƙi yarda cewa dole a rufe tashoshin lantarki masu ƙona kwal. Birazil da Ajantina, manyan masu sayar da naman shanu, suka ƙi zancen rage cin nama. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

20/ Suwizalan da Ostireliya fa? Su sashen da ke cewa ƙasashe matalauta na buƙatar tallafin kuɗi daga masu arziki suka sa wa ido. Wato masu mai na goge zancen mai, masu kuɗi na goge zancen kuɗi. Tsakaninsu aka matse talaka.

21/ Gaskiya ɗaya ce: wannan sharhi ne, masana ba dole su karɓa ba, kuma da yawa sun yi watsi da shi. Amma ya nuna mana abin da kowace tawaga ke shiga da shi ɗakin amincewa, inda take da ikon cewa "ban yarda ba" ta tsayar da kowa.

22/ Yanzu ga inda abin ya shigo gidanmu. A cikin masu sharhin akwai OPEC, ita ma tana neman a sassauta zancen barin man fetur, har da neman a cire inda aka ambaci yadda masu mai ke kamun ƙafa don hana ɗaukar mataki. Najeriya mamba ce a OPEC tun 1971. A lokacin ma ɗanmu ne babban sakatarenta, marigayi Mohammed Sanusi Barkindo. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

23/ Fabrairu 2022, rahoton da ya fi shafarmu, na illolin sauyin yanayi. A taron COP akwai wata jimla da ƙasashe matalauta ke amfani da ita, "asara da ɓarna", wadda kowa ya san tana nuni ga biyan diyya. Amurka ta ƙi a sa ta a taƙaitawar yadda take. Aka sasanta a kan mayar da ita jam'i, ta koma zancen asarori kawai, ba sunan wani bashi ba.

24/ A Turance harafi uku kacal aka ƙara. Harafi uku! Amma lauyoyinsu sun san abin da suke yi. In takardar da ƙasashe 195 suka amince da ita ta kira abin da sunansa na teburin sulhu, gobe wani zai ɗaga ta ya ce "ga shi kun yarda, ku biya".

25/ Ku duba abin da shi wannan rahoton ya ce. Daga 2010 zuwa 2020, mutuwa sakamakon ambaliya da fari da guguwa ta ninka sau 15 a yankuna masu rauni in aka kwatanta da masu ƙarfi. Bunƙasar amfanin noma a Afirka ta ragu da kashi 34 cikin ɗari tun 1961 saboda sauyin yanayi, fiye da kowace nahiya. Manomin Igabi da Giwa na cikin wannan lissafin.

26/ Watanni kaɗan bayan cinikin harafi ukun nan, ambaliyar 2022 ta zo. Fiye da mutum 600 suka rasu a Najeriya, fiye da miliyan 1.3 suka rasa matsuguni. Masanan World Weather Attribution suka ce sauyin yanayi ya ninka yiwuwar irin wannan ruwan kusan sau 80. An ƙiyasta ɓarnar a kusan dala biliyan 6.7.

27/ Asusun asara da ɓarna da aka amince da shi a Masar a 2022, aka buɗe a Dubai a 2023, alƙawarin farko da aka zuba masa kusan dala miliyan 700 ne. Na duniya gaba ɗaya fa. Amurka ta ce za ta ba da miliyan 17.5. Ambaliyarmu ta shekara ɗaya ta kusa ninka asusun sau goma. Kun ga kuɗin harafi uku ke nan.

28/ Maris 2023, Interlaken ta Suwizalan, babban rahoton da ya dunƙule sauran. An tsara a tashi Juma'a 17 ga wata. Jayayya ta ja har Lahadi 19. Wakilan ƙasashe masu tasowa da yawa, waɗanda asusun IPCC ya saya wa tikiti, dole suka kama hanyar filin jirgi kafin a gama. Waɗanda suka biya wa kansu suka zauna suka ƙarasa.

29/ Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace sauƙi. Ƙasa mai kuɗi ta zo da lauyoyi da masana, suna karɓa-karɓa, wani ya yi barci wani ya tsaya. Ƙasashe matalauta da dama mutum ɗaya ko biyu suke iya turawa, ga ƙananan zaure ana yi lokaci guda har asuba. Ba sai an kore ka ba, a ja taron kawai har jirginka ya tashi.

30/ Yanzu ma rigimar ba ta ƙare ba. Rahoto na bakwai, ƙasashe da yawa na son a gama shi kafin 2028, shekarar da duniya za ta sake auna ko ana cika alƙawarin Faris. Saudiyya, Chaina da Indiya na cikin masu cewa kada a yi gaggawa. An tashi baram-baram a Istanbul da Sofiya a 2024, da Hangzhou a Fabrairu 2025. Amurka ta Trump ma ba ta je Hangzhou ba.

31/ Hujjarsu? Wai in aka yi sauri masanan ƙasashe masu tasowa ba za su samu shiga ba. Akwai ƙamshin gaskiya. Daga 1990 zuwa 2019 kashi 3.8 cikin ɗari kawai na kuɗin binciken yanayi aka kashe kan Afirka, kuma kashi 78 na wannan ɗin cibiyoyin Turai da Arewacin Amurka suka karɓa. Amma maganin wannan kuɗin bincike ne. Jinkirta rahoto mai sayar da mai yake amfana, da sunanmu kuma.

32/ To me ya haɗa mai shayi a Kawo da wata jimla a Suwizalan? Duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi, tana ɗaukar ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin ɗari. Shi ya sa ruwan da ya kamata ya sauka a kwanaki yake zubowa a dare ɗaya. Rahoton ya ce Afirka ta Yamma ta sa ran ƙarin mamakon ruwa da ambaliya. Mu kuwa gari ne a bakin kogi.

33/ Manyanmu na tuna ambaliyar Agustan 2003 a garin nan. Mu mun ga ta Satumban 2015, yadda ruwa ya shiga gidaje a Kigo Road da sassan Unguwan Rimi da Rafin Guza. Mun ga Maiduguri a Satumba 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Mun ga Mokwa a Mayu 2025. Ga zafin azumin 2024, lokacin da Kayes ta Mali ta kai digiri 48.5.

34/ Kuma kada wani jami'i ya ɗauki zaren nan ya fake da shi. Sauyin yanayi bai ba kowa fili a hanyar ruwa ba, bai sa hannu a takardar gini a bakin kogi ba, bai cika kwata da ledar fiya wata ba. Wannan namu ne. Sama ta ƙara ruwa, mu kuma mun toshe masa hanya. Masu cewa ƙaddara ce, mun yarda da ƙaddara, amma tawakkali bai taɓa hana yashe kwata ba.

35/ Na ce zan dawo kan OPEC. Najeriya ƙafa biyu gare ta a wannan zancen. Ɗaya na cikin ruwan ambaliya, ɗaya na cikin rijiyar mai. Ɗan Najeriya bai kai tan ɗaya na hayaƙin kabon a shekara ba, Ba'amurke ya haura tan 14, ɗan Saudiyya ya fi haka. A lissafin hayaƙi mu waɗanda aka zalunta ne. Amma kason da Kaduna ke karɓowa daga Abuja duk wata, mai na ciki dumu-dumu.

36/ A Disamba 2023, ana tsakiyar COP28, babban sakataren OPEC Haitham Al Ghais ya rubuta wa mambobi cewa su ƙi duk wani rubutu da ya nufi man fetur kai tsaye. Mu ma mamba ne. Shekara guda bayan nan a Baku, wakiliyar Najeriya Nkiruka Maduekwe ta tashi ta kira alƙawarin dala biliyan 300 abin dariya, kuma ta yi daidai. Amma ta yaya za mu nemi diyyar gobara alhali ƙungiyarmu na cewa kada a ambaci ashana?

37/ Hujjar iskar gas ina jin ta, ban raina ta ba. Bankin Duniya ya ce 'yan Najeriya kusan miliyan 85 ba su da lantarki. Iyayenmu mata na shaƙar hayaƙin itace, motocin gawayi na shigowa gari kullum, daji na ƙarewa. Turai da ta ƙona kwal shekara ɗari biyu ba ta da bakin ce mana kada mu girka abinci da gas.

38/ Amma a faɗi gaskiya duka. Dokar 1979 ta sa Janairun 1984 a matsayin ranar daina ƙona gas a banza a rijiyoyin mai. Fiye da shekara arba'in ke nan, har yau muna cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona shi. Bututun AKK mai kilomita 614, da aka ƙaddamar a Yuni 2020 har da biki a Rigachikun, an sha ɗaga ranar gama shi. Da sunan talaka ake kare gas a ƙetare, a gida kuma talakan na hura gawayi.

39/ Matsayina ke nan: Najeriya ta je COP ta yi faɗan haƙƙinta na gas da lantarki a fili, da sunanta, ba kunya. Can ne wurin ciniki. Amma a ɗakin IPCC, duk kalmar da aka sassauta mu take cuta. Makaminmu ɗaya a gaban masu kuɗi shi ne takardar da ta faɗi ƙarara wa ya yi ɓarnar, wa ke ɗanɗana kuɗarta, nawa ne kuɗin gyara. Saudiyya na da asusun gina katanga da sanyaya birane. Mu fa?

40/ Kuma ga amfanin wannan tsarin duk da aibinsa: abin da ya tsallake, ba ƙasar da za ta iya musunsa gobe. A 2021 Amurka, Chaina, Rasha da Saudiyya duk sun amince da jimlar da ta ce babu ko shakka ɗan Adam ne ya ɗumama duniya. In har masu sayar da man suka kasa goge wannan, kai da ke Badarawa da datar naira ɗari biyar me kake karewa da kake cewa ƙarya ce?

41/ Abin da nake nema, kuma ba ya buƙatar biliyoyi:

Na ɗaya. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya da Majalisar Sauyin Yanayi ta Ƙasa, wadda dokar 2021 ta kafa, su riƙa wallafa sunayen waɗanda ke wakiltarmu a zaman IPCC, da sharhin da Najeriya ta aika, da matsayin da ta ɗauka. Da Hausa ma. Da sunanmu ake magana, mu ji me aka ce.

42/ Na biyu. A Dubai mutum 1,411 ne suka yi rajista da sunan Najeriya, gwamnati ta ce 422 ta ɗauki nauyi. Ƙasar da ta iya wannan ba ta da uzurin barin kujerarta fanko a zaman IPCC. A rage 'yan ɗaukar hoto, a tura masana da lauyoyi ƙwararru, da tikitin da zai bar su su zauna har a buga guduma.

43/ Na uku. Abin da ba a auna ba, ba a wallafa ba, ba ya shiga rahoto. Muna da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, muna da KASU, ga ABU da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya. A ba su kuɗin auna ruwan sama da tashin kogin Kaduna da zafin unguwanni, su wallafa. Gwamnatin jiha na iya wannan ba sai ta jira Abuja ba.

44/ Na huɗu, naku ne masu digiri na biyu da na uku a fannin ƙasa, noma, ruwa, lafiya, tattalin arziki. IPCC na buɗe rajistar masu bitar daftari, kuma duk mai ƙwarewa a fannin na iya shiga ya aika sharhi, dole marubuta su amsa. In ma'aikatun mai sun cika akwatin da nasu, me ya hana malamin Kadpoly aika nasa?

45/ Na biyar. Ɗan majalisarmu na Kaduna ta Arewa da sanatan Kaduna ta Tsakiya, idan sun zo rabon shinkafa da tabarma bayan ambaliya, a karɓa, haƙƙinmu ne. Amma a tambaye su: kun taɓa kiran ma'aikatar muhalli gaban kwamiti ta faɗi matsayin da ta ɗauka da sunanmu a IPCC? In ba su gane tambayar ba, a tura musu zaren nan.

46/ Masu mai sun san darajar kalma ɗaya tun 1995, shi ya sa suke kwana a zaure a kanta. Masu kuɗi sun san darajar harafi uku. Mu da ruwan ke shiga ɗakunanmu ne kaɗai muka bar zancen wai na 'yan boko ne. Rahoto na bakwai yana kan hanya, za a sake zama a bi shi jimla bayan jimla. Kafin ranar, mu san wa zai zauna a kujerarmu da abin da zai ce.

47/ Ƙarshe. Wanda ke da ja, ya zo da shekara da wuri kamar yadda na kawo, mu tattauna. Zagi kuma ba na amsawa. A yaɗa, a yi wa wakilanmu tambari a ƙasa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da ambaliya. 🙏🏾